Tukunya, Ganga da Leda: Nazari a Kan Burkutu da Sauran Giya a Ƙasar Bauchi

Buhun dawa ɗaya ne. A kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, mai kunun zaƙi za ta auna mudu biyar ta wuce gida, mai dafa burkutu ita ma ta auna nata daga buhun nan ta kama hanyar ƙauye. Dukkansu za su jiƙa hatsin, su niƙa, su dafa, su tace, su jira ya ɗan yi tsami. Amma abin da ɗaya ta sauke da shi ake buɗa baki a watan azumi, na ɗayar kuwa Musulmi ba ya kai shi baki. Babu wani baƙon sinadari da ya raba su. Abin da ya raba su shi ne yawan kwanakin da aka bari, da irin mazubin da aka ajiye a ciki, da aikin da ƙwayoyin yis ke yi wa zaƙi idan aka ba su sarari.

A garin Bauchi ba a cika zancen giya ba sai a wa'azi ko a kotu. Hukuncinta ga Musulmi a bayyane yake, kuma wannan rubutu bai zo ya sassauta shi ba. Sai dai abin da aka haramta ma yana bukatar a san shi, domin wanda bai san yadda abu yake ba, ba zai gane lokacin da ya sauya kama ba. Giyar ƙasar nan ta sauya kama a gabanmu. Domin a ga sauyin sosai, za mu jera abubuwa uku: burkutun tukunya da aka gada, da giyar inabin da ake tsimawa shekara da shekaru cikin gangar katako a kudancin Sifaniya, da barasar leda wadda ta mamaye lungunanmu. Kowacce tana da irin dangantakarta da lokaci, kuma a cikin wannan dangantaka ne haɗarinta yake.

Aikin mako guda, rayuwar kwana biyu

Dafa burkutu sana'ar mata ce, kuma sana'a ce mai wuya. A yankunan Tafawa Ɓalewa da Bogoro, inda al'ummar Zaar waɗanda Hausawa ke kira Sayawa suke da yawa, da wasu ƙauyukan Dass da Toro, da unguwannin gefen birnin Bauchi inda waɗanda ba Musulmi ba suka fi zama, hanyar kusan ɗaya ce. Mace za ta jiƙa dawa, galibi ja, ta kwana a ruwa. Sai ta tsame ta baza a tabarma ko a daɓe, ta lulluɓe da ganye ko jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana uku zuwa biyar kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin tsiro. A nan gwanintar take: idan ta yi gaggawa hatsin bai saki zaƙinsa ba, idan ta yi sakaci tsiron ya cinye shi ko ya yi fumfuna. Takan ɗauki 'yan ƙwayoyi ta tauna, harshenta ne ma'auninta. Daga nan ta shanya a rana, ta kai inji, ta dama garin da ruwa, ta ɗora manyan tukwane ko rabin duro a murhu, ta yini tana juyawa da muciya cikin hayaƙi. Ta sauke ya kwana ya yi tsami, ta tace, ta sake dafawa, ta bari ya huce. Sannan ta zuba ragowar dahuwar da ta gabata, kamar yadda Bafulatana ke barin ɗan kindirmo a ƙwarya domin ya kama sabuwar madara. Kwana ɗaya ko biyu tukunya ta ɗauki kumfa tana fitar da ƙara a hankali. Dusar da ta rage ta dabbobi ce.

Abin da ke fitowa ruwa ne mai kauri, ja-ja, mai tsami, wanda ƙarfin barasarsa bai cika wuce kashi 2 zuwa 6 cikin 100 ba. Babban halinsa shi ne ba ya jira. Yis ɗin da ke ciki da ransa, kuma akwai wasu ƙwayoyin da ke juya barasa ta koma ruwan tsami da zarar iska ta same ta. A zafin Bauchi, burkutun da ya wuce 'yan kwanaki ya lalace, ba mai saye.

Wannan rauni ne ya tsara al'adar gaba ɗaya. Abin da ba ya ajiyuwa ba a tara shi a ɗaki, ba a loda shi a mota zuwa wata jiha, ba a ɓoye shi a aljihu. Dole a sha shi kusa da inda aka dafa, a ranar da ya nuna, a cikin mutane. Shi ya sa a tsohuwar rayuwar waɗannan al'ummu yake tafiya da aikin gayya, da bikin girbi, da aure, da zaman makoki, da sulhu tsakanin dangi. Mai gona ya gayyaci jama'a noma, matarsa ta fara jiƙa dawa tun mako guda kafin ranar. Dattawa ke fara karɓar ƙwarya, kuma kowa yana ganin adadin da kowa ya sha. Ga macen da ke dafawa kuma, wannan tukunya ita ce kuɗin makarantar yara da na magani, musamman idan gwauruwa ce.

Abin ba baƙo ba ne ga tarihin Hausawa su kansu. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe a gindin Dala, ya ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya, a jere da maƙeri da mai magani. Maguzawa sun riƙe sana'ar har zuwa zamaninmu. Musulunci ne ya raba yawancin Hausawa da ita, jihadin ƙarni na 19 ya ƙara ƙarfafa rabuwar. Lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, cikin ganuwa ya zama gidan Musulunci, al'ummun duwatsun kudu da yamma kuwa da yawansu suka ci gaba da rayuwarsu da tukwanensu.

Giyar da ta sayi lokaci

A lardin Andalus na Sifaniya akwai garuruwa uku da suka shahara da wata giyar inabi: Jerez, da Sanlúcar de Barrameda, da El Puerto de Santa María. Ƙasa ce da Musulmi suka mulka tun daga 711, sai a 1264 Sarki Alfonso na Goma ya ƙwace Jerez ya riƙe. Ƙasar noman wurin fara ce mai alli, tana shanye ruwan damina ta riƙe wa kurangar inabi har cikin rani. Daga farin inabin da ake kira Palomino ake matse ruwan, a bar shi ya zama giya mai ƙarfin kashi 11 zuwa 12.

Matsalar masu wannan giya ita ce matsalar mai burkutu: iska da zafi suna mai da ita ruwan tsami. Maganin da suka samo shi ne su ƙara mata tatacciyar barasar inabi, wadda aka fitar ta hanyar tururi. Idan aka kai ta kashi 15, wani farin yis yana tasowa ya rufe samanta ya kare ta daga iska, ta fito fara mai kaifi. Ita ce fino. Idan kuwa aka kai ta kashi 17 ko fiye, yis ɗin ba ya iya rayuwa, masu tsamin ma ba sa iyawa. Sai giyar ta zauna tsirara gaban iska cikin ganga, ba mai cin ta, tana sauyawa a hankali. Wannan ita ce oloroso. Launinta yana duhu har ya kusa na makuba, jikinta yana kauri, masu ɗanɗana ta suna kwatanta ƙamshinta da na gasassun 'ya'yan itace masu ɓawo, da busasshen ɓaure, da tsohon katako. Kowace shekara wani kaso yana tsotsewa ta jikin katakon ya bi iska, abin da ya rage yana ƙara ƙarfi, har wata ta kai kashi 20 ko 22.

Ɗakunan ajiyar dogaye ne masu kaurin bango da ƙananan tagogi can sama, ƙasansu yashi ne da ake yayyafa wa ruwa da rani domin a riƙe sanyi. Gangunan na katakon Amurka ne, kowace tana cin lita 600, an jera su aji-aji bisa shekaru. Ba a taɓa kwashe ganga duka. Idan za a sayar, daga ajin da ya fi tsufa ake ɗiba, bisa al'ada abin da bai wuce sulusi ba. Sai a cike giɓin daga ajin da ke bi masa, shi ma a cike shi daga na bayansa, har a zo kan sabuwar giyar bana. Wannan tsari ake kira solera. Saboda haka a kwalbar da ta fito daga tsohuwar solera ana iya samun ɗigon abin da wani ma'aikaci ya zuba tun kafin a haifi mai sayarwa. Doka ta kare sunan giyar Jerez tun 1933, kuma daga 2000 hukumar da ke kula da ita tana ba da shaidar musamman ga wadda matsakaicin shekarunta ya wuce 20 ko 30.

Akwai darasin sana'a a nan wanda ko mai ƙin giya zai yarda da shi: haƙuri, da rajista, da mizanin da ba a sauka daga kansa, da uba mai aikin da jikansa ne zai ci moriyarsa. Amma akwai wani gefe. Ranar da giya ta daina lalacewa, ranar ta zama hajar fatauci. Tana iya hawa jirgin ruwa, tana iya zama ganima. A 1587 Baturen Ingila Francis Drake ya kai hari tashar Cádiz ya kwashi ganguna kusan 2,900 zuwa Ingila, kuma Ingila ta zama babbar kasuwarta tsawon ƙarnuka. Abin da ya 'yantar da giyar daga lokaci, wato tatacciyar barasa, shi ne ya raba ta da idon al'ummar da ta yi ta. A Jerez tsada da tsawon shekaru sun zame mata wani takunkumi: ba a samun tsohuwarta da arha, kuma a ƙaramin kofi ake zuba ta. Inda aka ɗauki tatacciyar barasar kaɗai aka bar gangar da shekarun, ba sauran takunkumi.

Abin da fiƙihu ya riga ya gani

Malamanmu sun san cewa haramcin giya bai sauka lokaci guda ba. Ya bi matakai, daga ayar Baƙara ta 219, zuwa ta Nisa'i ta 43, zuwa hani na ƙarshe a Ma'ida aya ta 90. Abin da ba a cika kawowa a wa'azi ba shi ne yadda hadisai suka kula da lokaci da mazubi. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a ba wani ya shanye nan take ko a zubar. Haka nan a hadisin tawagar Abdul Ƙais, wanda Buhari da Muslim suka kawo, an hana su jiƙo cikin wasu mazubai huɗu: duma, da koren tulu, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta, domin jiƙo yana saurin juyawa a cikinsu ba tare da an lura ba. Daga baya aka sassauta zancen mazubi, aka tsayar da hukunci a kan abin da ke sa maye. Malamai kuma sun yi ittifaƙi cewa giyar da ta koma ruwan tsami da kanta ta halatta.

Ma'ana, shari'a ta fahimci cewa jiƙo tafiya yake yi: daga zaƙi zuwa maye, daga maye zuwa tsami. Wannan ilimi ne da ya shafi kowane gidan Musulmi a Bauchi. Kunun zaƙi, da zoɓo mai sukari da abarba, da kunun aya, da tsimin da ake yi wa amare da rake da dabino, duk abinci ne ga yis. Idan aka toshe su cikin roba aka bar su a zafi kwana da kwanaki, roba ta kumbura, aka buɗe ta yi tsaki da kumfa, ɗanɗano ya koma yaji-yaji a harshe, to tafiyar ta yi nisa. Uwar gida da ta san wannan ta fi wadda ke tsammanin giya sai a kwalba mai tambari.

Doka da abin da ta haifar

Hana barasa a Arewa ya girmi shari'ar zamaninmu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tanadi hana shigar da tatacciyar barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Turawan Ingila, waɗanda suka ci Bauchi a 1902, sun sa Arewacin Nijeriya cikin yankin da aka hana 'yan ƙasa sayenta. Masanin tarihi Simon Heap ya nuna a bincikensa na 1998 cewa hanin ya yi ta yoyo, musamman bayan jirgin ƙasa ya haɗa Kudu da Arewa. A daidai lokacin ne ma'adinan kuza na tsaunukan Jos suka tara dubban leburori nesa da gidajensu, da albashi a aljihu. A irin waɗannan sansanoni da barikoki burkutu ya tashi daga abin biki ya koma abin sayarwa na kullum. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya sa shan barasa laifi ne ga Musulmi. Bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, Jihar Bauchi ta ƙaddamar da shari'a a 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Haddin da fiƙihun Malikiyya ya tanada bulala 80 ne, kuma a kan Musulmi yake.

Dokar ta kori mashaya daga manyan tituna, wannan nasara ce da ba a musu. Amma tukunyar burkutu abu ne mai girma, mai hayaƙi, mai wari, wanda ba ya ɓoyuwa. Abin da ke ɓoyuwa shi ne ƙaramar leda ko 'yar robar da ke ɗauke da barasa mai ƙarfin kashi 30 zuwa 40, ko ogogoro da aka ɗuro a jarka daga Kudu, ko goskolo da ya addabi matasan Jos, maƙwabtanmu na kusa. Wannan ita ce giya ta uku. Ta ɗauki ƙarfin oloroso ta ninka, ba tare da ganga ko shekaru ko tsada ba. Ta ɗauki arhar burkutu, ba tare da dattijo mai sa ido ko ranar lalacewa ba. Ba ta da biki, ba ta da gayya, ba a san hannun da ya haɗa ta ba. Ɗan acaɓa zai tsotse ta a tsaye cikin daƙiƙa biyar ya hau babur. Ɗalibi zai sa ta a aljihun wando. Kuma ba ta tambayar addinin mai sha: ɗan gidan liman da ba zai taɓa zama a gidan burkutu ba saboda kunyar idon jama'a, leda ta ɗauke masa wannan kunyar.

Inda ba a san mai haɗawa ba, guba na iya shiga. A 2015 mutane da dama sun mutu a Jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke makantarwa kafin ya kashe. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasar leda da ta robar da ba ta kai mililita 200 ba, masu masana'antu suka yi ca, aka ɗage wa'adin. Burkutun kansa bai tsira ba: wasu masu sayarwa suna tsarma masa ogogoro domin ya yi saurin bugarwa, wasu suna dafawa a tsohon duro mai tsatsa wanda ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba.

Kada a ɗauka ana wanke burkutu a nan. Ya cinye rumbun gidaje da yawa kafin damina ta faɗi, ya zaunar da magidanta a inuwa ranar da ya kamata su kasance a gona, ya sa mata da yara kuka. Coci-coci da dama a kudancin jihar sun daɗe suna yaƙar sa tsakanin mabiyansu. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, kuma a 2023 hukumar ta ce babu wani adadin sha da za a kira marar haɗari. Wannan ya haɗa da ƙwaryar ƙauye da kofin Jerez. Abin da ake cewa shi ne haɗari hawa-hawa ne, kuma wanda ya fi kusa da yaranmu yau shi ne wanda muka fi yin shiru a kansa.

Ilimin da ke cikin tsiro

Akwai dukiyar da za a iya tsamowa daga wannan tsohuwar sana'a ba tare da barasarta ba. Macen da ta iya fitar da tsiron dawa daidai gwargwado ta mallaki ilimin da manyan kamfanoni ke biya da tsada. Lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun Nijeriya sun koma ga dawa, kuma irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta inganta sun taimaka wajen cike giɓin. Lemon malt marar barasa da ake rabawa a walimar aure da suna a Bauchi, daga irin wannan tsiro ake yin da yawansa. Garin tsiro yana sassauta kunun yara ya sa su iya shan mai yawa ba tare da an tsinka shi da ruwa ba, abin da ke da amfani ƙwarai a jihar da tamowa ke damun ƙananan yara. Ruwan tsami na girki ma haja ce. Mutanen Jerez sun mai da giyarsu da ta juya ta zama kayan miya mai sunan da doka ta kare.

Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi suna da ɗakunan gwaji da masana abinci. Su ya kamata su zauna da waɗannan mata su rubuta abin da suka sani, su auna shi, su nuna wa mai son sauya sana'a yadda za ta sayar da garin tsiro mai tsabta maimakon giya, gwamnati kuma ta ba ta jari. Fasa mata tukunya ba tare da an ba ta madadi ba, tura kwastomominta ne wajen mai leda. Malaman Islamiyya su koya wa ɗalibai mata hadisin kwana uku tare da babin tsarki. Hisba da NAFDAC su karkata ƙarfinsu ga dillalan da ke sauke katan-katan na leda da jarkoki, domin a nan ne ɓarnar ta fi yawa. Limamai da fastoci kuwa, duk saɓanin da ke tsakaninsu a kan wasu abubuwa, a kan wannan maƙiyi ɗaya suke da shi, kuma yaran da yake ɗauka na masallaci ne da na coci baki ɗaya.